Yadda ake gano ko swic ɗin makulli ne ya cinye a tsohuwar MGB

Kawuna da ya yi ritaya daga ABU yana da wata MGB a gidansa na Samaru, irin ƴar ƙaramar motar Ingila mai kujera biyu da aka ƙera daga 1962 zuwa 1980. Kwanaki ta fara mutuwa a tafiya, da ta faɗa rami wajen Kwangila sai ta ɗauke ɗif, ka murɗa makulli ta tashi kamar ba komai. An canza fulogi, an wanke kafireto, har kwayil aka saya sabo, ashe duk swic ne. Shi ya sa nace bari in rubuta yadda muka bi, ko wani zai huta da ɓarnar kuɗi.

Fara da batir tukuna. Mitar gwajin wuta ta nuna maka wajen volt 12.6 in mota tana kashe, kan batir ɗin a ɗaure tam ba farin gari a jiki. A MGB batir yana bayan kujeru ne, na farkon ma guda biyu ne masu volt 6 aka haɗa, kuma waɗanda aka yi kafin ƙarshen 1967 fozitib ne ke jikin bodi, toh ka tabbatar da irin taka kafin ka sa mita.

In batir lafiya lau, zauna ka murɗa makulli zuwa kunnawa amma kar ka yi kik, ka yi shiru ka saurara. Famfon fetur ɗin motar na lantarki ne, za ka ji shi daga baya yana tik tik tik, jar fitilar caji kuma ta kama a dashbod. Yanzu ɗan girgiza makullin da yatsa, sama ƙasa, ciki waje. In fitilar ta yi ƙyaf-ƙyaf ko ta ɗauke, wallahi ka kama ɓarawonka. Na kawu da na taɓa makullin kaɗan fitilar ta mutu, na saki ta dawo, ya dube ni yace "kai ɗana, watanni nawa muna fama". Bayan mota ta yi aiki kamar minti goma ka kai hannu bayan swic ɗin, in da zafi ko warin roba to ƙarfen da ke haɗa wuta a ciki ya ƙone.

Daga nan sai wayoyi, kuma anan nake son a natsu. Wayarin kamfanin Lucas na Ingila ne, kalolinsa ba sa ruɗarwa: ruwan ƙasa ita ke kawo wuta daga batir kullum, fara ita ke fita zuwa kwayil da famfon fetur in an kunna, fara mai jan layi kuma ta kik ce, sai lokacin da ka murɗa har ƙarshe take samun wuta. Sa mita tsakanin ruwan ƙasa da fara a bayan swic, makulli a kunne. Lafiyayyen swic kusan sifili zai nuna, in ka ga ya haura rabin volt ko lambar tana tsalle in ka motsa makulli to wuta tana ɓata a ciki. In ba ka da mita kwan fitila da waya biyu ya isa, irin tastar da ƴan rewaya ke haɗawa. Amma ka sani ruwan ƙasan nan ba fiyus a kanta, in ta taɓa bodi hayaƙi ne nan take, don haka cire kan batir kafin ka kwance komai, kuma ka ɗauki hoton wayoyin da wayarka.

Wani lokacin ma ba swic ɗin ba ne, bakin wayar ne ya saki ko ya yi tsatsa, ka goge ka matse da filaya shi kenan.

Swic kashi biyu ne, ramin da makulli ke shiga da kuma ɓangaren wuta a bayansa. In makulli ne ke cijewa, ƙurar hunturu ce ta cika ramin, ka kankare bakin fensir ka hura garin ciki, kar ka zuba baƙin mai don ƙura zai tara ya zama taɓo. In ɓangaren wutan ne ya cinye, canza shi kawai, gyaransa ba ya daɗewa. Tafi da tsohon a hannu ko Sabon Gari ko Panteka ta Kaduna, in ba a samu ba a yi oda daga waje da shekarar motar, don na dashbod daban yake da na jikin sitiyari mai kulle kai.

Abin da ba na so shi ne a yanke wayoyi a sa maɓalli a ƙarƙashin dashbod wai an gyara, yana ɓata motar da ta kai shekara hamsin a raye kuma gobara na iya tashi ta nan. In ka ɗaura sabon, mayar da kan batir, maimaita gwajin girgiza makulli, sannan ka raba makullin motar da tarin makullan gida da na shago, nauyinsu da ke lilo a hanya shi ke cinye ramin. Na kawu guda goma sha ɗaya muka cire daga zoben.