In an gayyace ka Fushimi Inari

Ku sababbin zuwa Japan, musamman na Kyoto da Osaka, ba za ku daɗe ba wani abokin aiki ko ɗan ajinku zai ce ku zo a je Fushimi Inari, to gara ka san me ke wajen tun kafin ka taka. Wurin bautar addinin Shinto ne, daga tashar Kyoto kamar minti biyar ne a jirgin ƙasa na kamfanin JR, layin Nara, ka sauka a tashar Inari, ba kuɗin shiga kuma dare da rana a buɗe yake.

Tun shekarar 711 dangin Hata suka kafa shi don Inari, abin bautarsu na shinkafa da noma, daga baya 'yan kasuwa suka rungume shi, shi ya sa za ka ga jajayen ƙofofin katakon nan dubbai a jere har kan dutse, kowace wani kamfani ne ko attajiri ya biya kuɗinta, in ka waiga za ka ga sunansa da kwanan wata an rubuta da baƙi a bayanta. Babban ɗakin bautar ya ƙone a yaƙin basasar Onin, 1499 aka sake gina shi.

Sai gumakan dila, ko'ina ka juya ga su da jan ƙyalle a wuya. Da yawa cikinmu suna ɗauka dilan ake bauta wa, alhali a wajensu ɗan aiken Inari ne kawai. Ka duba bakinsu da kyau, wani makullin rumbun shinkafa ya ciza, wani zangarniya, wani naɗaɗɗiyar takarda. A tatsuniyoyinsu ma dilan mai wayo ne kamar dai namu na gida. In ka je garin Nara kuma barewa ce 'yar aiken a wurin bautar Kasuga, tana yawo sakaka tana bin mutane don biskit.

Ba wanda zai tilasta maka sunkuyawa ko tafa hannu, in abokanka sun tsaya addu'arsu kai ka ja gefe ka yi shiru, kuma ka riƙa bin gefen hanya don tsakiya ta abin bautarsu ce a ganinsu. Shinkafar da ake cusawa cikin soyayyar awara, inarizushi, wai ita dila ke so, ka tambaya kafin ka ci don sau da yawa ana sa mata mirin, shi kuwa akwai giya a ciki. Kwanakin farko na Janairu kam kar ma ka fara, cunkoson ba a magana.