Yadda za ka canja wilin baya na tsohon keke da kanka

Nan Gadarif ta Sudan duk mai tsohuwar ajala, wato keke, Phoenix ko Raleigh ta gado, ya san wilin baya ne ke fara mutuwa, don shi ke shan jarkokin ruwa da buhun dawa, ga taɓon damina mai kama ƙafa kamar danƙo. Nawa da ya lanƙwashe sau biyu ajalati, wato mai gyaran keke, yana ɗaure min sifok, na uku ya ce Malam haƙuri za ka yi, wannan ya gama aiki.

Kafin ka taɓa sifana duba gefen taya tukuna. Irin waɗannan kekunan yawanci za ka ga an rubuta 28 x 1 1/2, wani lokaci da 635 a gefe, to lambar nan ita ce maganar, ba ido ba. Akwai wani wilin da shi ma 28 ake ce masa amma 622 ne, a ido kamar ɗaya, sai ka zo gida taya ta ƙi zama birki ya ƙi kamawa. Ni dai shawarata ka ɗauki tsohon wilin ka tafi da shi kasuwa a kara su, a duba tsawon ƙarfen tsakiya, a kuma duba bakin gargaren, don birkin sanda daga ƙasa yake kamo shi ba daga gefe ba kamar na kekunan zamani.

Yanzu aiki. Kifa keken a kan sirdi, ka shimfiɗa buhu. Ɗauki hoton kowane gefe da waya kafin ka kwance komai, wallahi wannan ya fi komai amfani, saboda a kan ƙarfen tsakiyan nan guda ɗaya ake jera majan sarƙa da ƙafar madgad da ƙafar kariya da sitan da washa, in ka manta wa ke gaban wa sai ka yini kana juyawa. Sace iskar taya, sassauta robobin birki, sai ka sa sifana 15 ka kwance notin biyu. In tsatsa ta ci su ɗiga baƙin mai ka je ka sha shayi ka dawo, kar ka yi ta bugu da guduma. Tura wilin gaba sarƙa ta yi sako-sako, sauke ta, zaro wilin ta baya.

Firiwil, faifan nan mai haƙora da sarƙa ke hawa a wilin baya, shi ne mai taurin kai. Ta hagu yake kwancewa, amma shekara da shekaru kana taka feda kana ƙara ɗaure shi, don haka in sabon wilin bai zo da nasa ba gara ka sayi sabo, ka shafa giris a zaren ka murza da hannu a hankali kar ya hau karkace.

Kar ka manta robar nan da ke rufe kan sifok a cikin gargare, in babu yanko tsohon tub ka zagaya, in ba haka ba gobe kana wajen mai banshar, wato mai facin taya. Ɗan hura tub kaɗan kafin ka cusa, taya kuma da tafin hannu ake mai da ita ba da sukundireba ba.

Mai da wilin, ɗora sarƙa, ka riƙa ɗaure majan sarƙa kaɗan nan kaɗan can har taya ta tsaya a tsakiya. Sarƙar kuma kar ta yi tauri kamar tsirkiya, in ka danna tsakiyarta ta motsa kamar faɗin yatsa ɗaya. Sai ka ɗaure noti sosai, ka saita birki, ka juya feda da hannu kana sauraro, in ka ji ƙar-ƙar to madgad ne ke goga. Zagaya unguwa ba kaya, ka dawo ka sake gwada notin, sannan ka ɗora jarka.