Yadda Za Ka Auna Abin Da Sabon Mai Cafkar Ƙwallo Zai Ƙara Wa Ƙungiyarka A Gasar NFL

Duk shekara daga watan Maris, lokacin da ake buɗe kasuwar 'yan wasa a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, zuwa ƙarshen Afrilu da ake zaɓen matasa daga jami'o'i, magoya baya kan yi lissafi iri ɗaya. Ƙungiya ta ɗauko sabon mai cafkar ƙwallo, sai a ɗauko yadin da ya yi bara a tsohuwar ƙungiyarsa, wato jimillar nisan da aka ciyar da ƙwallo gaba ta hanyar cafkarsa, a ɗora kan na sabuwar, a ce shi ke nan, matsalar kai hari ta ƙare. Wannan lissafin ba ya tsayawa. Mai cafka shi ne ɗan wasan da ya fi kowa dogara da wasu: ba shi ke kiran salon wasa ba, ba shi ke jifa ba, ba shi ke tare masu afka wa mai jifa ba. Yadinsa na bara da shi da wasu mutum goma suka yi, kuma mutum goman nan ba su biyo shi ba.

Randy Moss ya isa misali. A 2006, yana Oakland Raiders, ya cafke ƙwallo 42, yadi 553, ya ci tacdawun (wato kai ƙwallo bayan layin ƙarshe na abokan hamayya) uku kacal, har aka fara cewa ya ƙare. New England Patriots suka karɓe shi a musaya da damar zaɓe ta zagaye na huɗu. A 2007, da Tom Brady ke jefa masa, ya cafke 98, yadi 1,493, tacdawun 23, wanda har yau babu mai cafkar da ya kai haka a kaka ɗaya. Mutum ɗaya ne, ƙafafu ɗaya, hannuwa ɗaya.

Fara da ƙirga jifan da za a raba

Kafin ka kalli ɗan wasan, kalli ƙungiyar. Nemo adadin jifan da ta yi bara. Idan an sauya kocin da ke tsara kai hari, nemo na ƙungiyar da ya baro, domin ɗabi'ar koci ta fi binsa fiye da ta ƙungiya. Tazarar tana da faɗi: a 2022 Brady shi kaɗai ya yi jifa 733 a Tampa Bay, yayin da Chicago Bears gaba ɗayansu ba su kai 400 ba.

A ce ƙungiyarka na jifa sau 33 a wasa. Wasanni 17 ne a kaka tun 2021, ka sami jifa 561. Babban mai cafka, wanda aka gina wasa a kansa, yakan sami kusan kashi 25 cikin ɗari, wato a nufe shi sau 140. Idan ya kama kashi 65 cikin ɗari, ya cafke 91 ke nan. A ba shi yadi 13 kan kowace cafka, an tashi da 1,183. Yanzu rage jifan ƙungiyar zuwa 450, ka bar komai yadda yake: sau 112 za a nufe shi, ya kama 73, yadi 949. Bai ragu da komai ba a ƙwarewa, amma a Disamba za ka ji ana cewa kuɗinsa sun tafi a banza don bai kai dubu ba. (Shi kansa yadi dubun da ake ta yi wa kirari, in ka raba shi gida 17, bai wuce 59 a wasa ba.)

Sai tambaya ta biyu, wadda aka fi tsallakewa: jifa 140 ɗin nan daga hannun wa za a karɓo su? Duba waɗanda suka bar ƙungiyar, ka tara sau nawa aka nufe su bara. Idan wanda ya tafi ya bar 120, akwai gurbi. Idan babu wanda ya tafi, to duk ƙwallon da sabon zai samu daga rabon wani za a gutsuro, kuma jimillar ƙungiya ba lalle ta motsa sosai ba. Stefon Diggs an nufe shi sau 94 a Minnesota a 2019. Da ya koma Buffalo a 2020 aka nufe shi sau 166, ya jagoranci gasar da cafka 127 da yadi 1,535. Buffalo sun buɗe masa gurbi, suka kuma karkata wasansu zuwa jifa.

Gano inda zai tsaya

Sunan aikin ɗaya ne, amma gurabe uku ne, kuma ba kowa ke iya duka ba. Doka ta ce dole mutum bakwai na masu kai hari su tsaya a kan layin da ƙwallo ke ajiye. Wanda ake kira X yana cikin bakwai ɗin, can gefe shi kaɗai, daf da hancin mai gadinsa. Ba shi da damar motsawa kafin a fara, don haka mai gadi na iya sa masa hannu a ƙirji tun daga taku na farko, abin da doka ta yarda da shi cikin yadi biyar na farko. Wurin nan na mai ƙarfi ne ko mai saurin zille wa hannu. Z yana ja baya taku ɗaya daga layi, ana iya yawo da shi daga gefe zuwa gefe kafin a fara, abin da ke ba shi sararin ɗaukar gudu. Na uku shi ne na lungu, tsakanin katangar masu tarewa da mai cafkar gefe. Yana da hanya hagu da dama, yana cin gajerun jifa, kuma yana shan duka a tsakiyar fili.

Nemo kason lokutan da sabon ɗan wasan ya tsaya a kowane gurbi a tsohuwar ƙungiyarsa. Idan yawancin aikinsa a lungu ya yi, kuma gwanin da kuke da shi ma ɗan lungu ne, to ɗayansu zai koma gefe ya yi aikin da bai saba ba. Haka nan duba tsarin jeri: ƙungiyar da ke yawan amfani da abin da ake kira jeri na 11 tana saka masu cafka uku a fili, ta jeri na 12 kuwa biyu take sakawa, domin ta ƙara mutum na biyu a ƙarshen katanga. A irin wannan ƙungiya mai cafka na uku yakan wuni a benci.

Dace da hannun mai jifa

Nan ne kuɗi suka fi nutsewa. Kenny Golladay ya yi yadi 1,190 da tacdawun 11 a Detroit a 2019. Salonsa shi ne a jefa masa ƙwallo sama ko da mai gadi na manne da shi, ya yi tsalle ya ƙwace, kuma Matthew Stafford mai jifa ne da ba ya tsoron irin wannan. New York Giants suka ba shi kwantiragin shekara huɗu kan dala miliyan 72 a 2021, bayan kakar da rauni ya bar shi da wasa biyar kacal. A shekararsa ta farko ya cafke 37, yadi 521, ko tacdawun ɗaya babu. Shekara biyu ya yi, tacdawun ɗaya ya ci, aka sallame shi.

Abin da za ka kwatanta shi ne matsakaicin nisan da ake jefa wa ɗan wasan da matsakaicin nisan da mai jifanku ke jefawa. Mai cafkar da ya saba a same shi a yadi 15 ya haɗu da mai jifan da ƙwallonsa ke sauka a yadi bakwai, ɗayansu zai sauya hali, kuma yawanci ba mai jifan ba ne. Sannan ka dubi katangar mutum biyar da ke kare mai jifa. Galibin jifa na barin hannu cikin daƙiƙa biyu da rabi zuwa uku. Dogon gudu mai lanƙwasa biyu na buƙatar fiye da haka. Idan katangar na tsagewa cikin daƙiƙa biyu, gudun sabon ɗan wasanku ado ne, yana can ya tsere wa kowa, mai jifa kuwa yana kwance a ƙasa.

Lokacin da zai ɗauka kafin ya zauna

Salon kiran wasa a NFL ba ɗaya ba ne. Wasu ƙungiyoyi lambobi suke kira, kowace lamba da hanyar da za a bi. Wasu doguwar jimla ce da ke faɗa wa kowa aikinsa. Wasu kuma kalma ɗaya ce ke ɗauke da aikin mutum uku, kuma hanyar tana canzawa gwargwadon yadda masu tsaro suka tsaya bayan an fara. A wannan tsarin dole mai jifa da mai cafka su karanta abu ɗaya a lokaci ɗaya: in mai gadi ya jingina ciki ka fita waje, in ya ja baya ka tsaya ka juyo. Wanda ya karanta daban ƙwallo zai faɗa hannun abokin hamayya, kuma bayan kuskure biyu ko uku mai jifa yakan daina kallon ɓangarensa. Chad Johnson, wanda ya shafe shekaru yana wuce yadi dubu a Cincinnati, ya je New England a 2011 ya ƙare kakar da cafka 15.

Kada ka gina komai kan bidiyon atisayen Yuli da Agusta. Ba a taɓa mai jifa a atisaye, kuma ƙungiya abin da ya yi kyau take fitarwa. Wasannin share fage uku ma taurari ba sa daɗewa a cikinsu. Ka ba tsohon hannu wasa huɗu zuwa shida na kaka kafin ka yanke hukunci.

Matashi da aka zaɓo daga jami'a kuwa lissafinsa daban. Justin Jefferson ya yi yadi 1,400 a shekararsa ta farko a 2020, Ja'Marr Chase 1,455 a 2021, Puka Nacua, da aka zaɓa a zagaye na biyar, 1,486 a 2023, kuma su ne suka ɓata wa magoya baya ma'auni. Davante Adams ya yi 446 a 2014 da 483 a 2015, sai a kakarsa ta biyar ya fara haura dubu. A jami'a ƙafa ɗaya a cikin fili ta isa a ƙirga cafka, a NFL sai biyu, kuma da yawansu ba su taɓa haɗuwa da mai gadin da zai shaƙe su a kan layi duk wasa ba.

Abin da za ka kalla idan an fara wasa

Kyamarar talabijin ƙwallo take bi, masu cafka kuma suna ficewa daga allo daƙiƙa ɗaya bayan an fara. Don haka yi kallonka kafin a fara. Ƙirga 'yan baya-baya, wato masu tsaron da ke can nesa da layi. In bara abokan hamayya ɗaya suke bari a baya su turo ɗayan kusa don tare masu gudu da ƙwallo, bana kuma ka ga biyu a baya, ɗaya ya karkata ɓangaren sabon ɗan wasanku, to yana aiki ko da ba a jefa masa ba. Mutum ɗaya ya ragu a gaban katanga, gudu da ƙwallo zai yi sauƙi, mai cafka na biyu zai sami mai gadi ɗaya. In kana da hanyar ganin hoton sama da ke nuna 'yan wasa 22 gaba ɗaya, ɗauki wasa ɗaya ka bi shi kaɗai daga farko zuwa ƙarshe, ka ƙirga sau nawa ya kuɓuce ba a gan shi ba.

A alƙaluma kuwa, wanda ya fi faɗin gaskiya shi ne yadin da yake samu kan kowace fita da ya yi neman ƙwallo. Raba yadinsa da adadin fitarsa: biyu ko sama da haka alama ce ta gwani, ƙasa da ɗaya akwai magana. Duba kuma wa ake nema a yunƙuri na uku cikin huɗun da ake ba ƙungiya don ta ci yadi goma, lokacin da in ba a cika su ba yawanci za a miƙa ƙwallo, da kuma cikin yadi 20 na ƙarshe kafin layin cin tacdawun. Can ne ake gane wanda mai jifa ya amince da shi. Adadin tacdawun kansa kada ya ɗauke maka hankali, yana hawa da sauka daga shekara zuwa shekara ba tare da ɗan wasa ya canza ba.

Daga nan sai ka raba fata biyu: na ɗan wasan da na ƙungiyar. A 2022 Adams ya koma Raiders ya yi cafka 100, yadi 1,516, tacdawun 14, ƙungiyar ta ci wasa shida ta faɗi 11. A shekarar ce Kansas City suka sayar da Tyreek Hill ga Miami, ya yi yadi 1,710 a can, su kuma suka ɗauki kofin Super Bowl na zakarun gasar ba tare da shi ba, mai jifansu Patrick Mahomes ya jefa yadi 5,250 yana rarraba wa duk wanda ya buɗe. Akwai kuma inda mutum ɗaya ya juya kaka: Dallas na da nasara uku da faɗuwa huɗu lokacin da suka ɗauko Amari Cooper a Oktoban 2018, suka gama da nasara goma. Bambancin shi ne Dallas suna da mai jifa, suna da mai gudu da ƙwallo, masu tsaronsu na riƙewa, gurbin babban mai cafka ne kawai a wofi. Don haka rubuta raunin ƙungiyarka uku mafi girma na bara, bi da bi, ka ga ko rashin mai cafka ne na ɗaya. In katanga ce ta ɗaya, ko mai jifa, rage lissafin yadin da ka yi masa, ka bar hasashen yawan nasarorin ƙungiyar kusa da inda yake bara.