Fanke da madarar gari a gidan haya: ga sababbin zuwa Ingila

Duk watan Satumba, idan ɗalibanmu suka fara sauka a Mancesta da Birmingham, tambayoyinsu ba sa wuce layin waya, asusun banki da rajistar likita. Waɗannan ba sa ba kowa wahala. Ɗakin girki ne ba a yi muku bayaninsa, kuma a can kuɗin yaranmu suke salwanta.

Tun daga gida, kada Hajiya ta cika muku akwati da gwangwanayen madara da kilishi. Dokar Birtaniya ta hana shigo da nama da kayan madara daga ƙasashe irin Najeriya da Nijar, in ban da madarar jarirai da ba ta wuce kilo 2 ba. In aka gani a filin jirgi, ƙwacewa za a yi. Nido tana nan a shagunan 'yan Afirka da na 'yan Pakistan, kuma ita nake ba ku shawara ku ajiye, don a gidan haɗaka ɗan wuri kaɗan ake ba kowa a firij, madarar ruwa kuwa in ba ta lalace ba wani ya shanye. Sai dai ku duba gwangwani: irin Marvel da manyan kantuna suke sayarwa an cire mata maiƙo, sai kun ƙara cokali ɗaya na mai a ƙullun.

Fanken kasko shi ne karin kumallo mafi araha ga mai sammakon aji. Kofi ɗaya na fulawa, cokali 4 na madarar gari, cokali 2 na sukari, ƙaramin cokali na bekin fauda, ɗan gishiri. Ku gauraya su a bushe tukuna, shi yake hana madarar yin gudaji. Sannan ƙwai ɗaya da ruwa kusan kofi ɗaya, kaɗan-kaɗan, har ƙullun ya riƙa zubowa daga ludayi. A bar shi ya huta minti 15. Madara tana sa fanke saurin yin ja, don haka wuta kaɗan. In ƙananan ramuka suka fito a samansa, a juya.

Murhun gidajen haya da yawa na lantarki ne, ko kun rage shi zafin ba ya sauka nan take kamar na gas. Mai ya fara hayaƙi, na'urar ƙararrawa da ke silin ta ɗauki kuka. Tun 2015 doka ta wajabta wa masu gida sa ta a kowane hawa. Abin da yake ƙona mini rai shi ne in shiga gidan yaranmu in ga an ɗaure ta da leda ko safa don a soya abu cikin kwanciyar hankali. Wallahi ganganci ne da rai, naku da na maƙwabta. Ku buɗe taga, ku kunna fankar da ke saman murhu, ku ja ƙofar kicin. Ragowar mai kuma kada ya shiga wurin wanke-wanke, daskarewa yake yi ya toshe bututu, ku za a caja.

Wata ƙanwarmu ta kira ni tana kuka ranar da za ta bar ɗakinta. Mai gidan ya nuna mata wani baƙin tabo a bangon bayan murhu, ya ce suyarta ce, zai riƙe kuɗin ajiyarta gaba ɗaya. Ta ce, "Anti, na rantse haka na same shi." Na ce, "Ina hoto?" Babu. "Ina takardar lissafin kayan gida da kika sa wa hannu?" Ba ta ma san ana bayarwa ba. Wani ɗan garinsu ne ya haɗa su, ta miƙa kuɗi hannu da hannu, wai ta ji kunyar neman rasit.

Ranar da kuka karɓi makulli, kafin ku ɗora kasko, ku ɗauki hoton murhu, bango, cikin tanda da kafet, ku tura wa mai gida ta imel don kwanan wata ya zauna. Dokar 2019 ta ce kuɗin ajiya kada ya wuce na hayar mako 5 a gidaje irin namu, wata dokar kuma ta ce dole mai gida ya sa shi cikin kwana 30 a ɗaya daga cikin hukumomin ajiya uku da gwamnati ta amince da su, ya ba ku shaida. In bai yi ba, kotu tana iya sa shi ya biya har ninki uku. Amma wanda yake zaune a gida ɗaya da mai gidan, wannan kariyar ba ta hau kansa ba, shi ya fi kowa buƙatar rasit da hoto. Ƙungiyoyin agaji na Citizens Advice da Shelter suna ba da shawara kyauta.

Jama'armu a nan, Alhamdulillahi, ba a bar baƙo da yunwa, kuma cikinmu akwai waɗanda suka shekara da shekaru suna haya, sun san kan takardun nan. Ku turo musu yarjejeniyar su karanta kafin ku sa hannu, ba sai an riƙe kuɗin ba ku fara neman lambar Anti.