Kafin ka biya kuɗin fom: yadda ake tantance sakandaren kuɗi

Fenti da ƙatuwar ƙofa da bas mai ɗauke da sunan makaranta su ne suka fi sauƙin samarwa ga mai makaranta, shi ya sa su ake fara nuna wa uba in ya zo. Abin da kuɗinka zai saya kuwa abu biyu ne: malamin da zai shiga aji kullum ya kuma kai baɗi yana nan, da sakamakon jarrabawar da yaro ya ci da kansa. Duk binciken da za ka yi a kan waɗannan biyun yake.

Ka fara da wuri. Shekarar karatu a Satumba take farawa, kuma yawancin makarantu suna sayar da fom su yi jarrabawar shiga tun kafin dogon hutu. Wanda ya bari sai Agusta zai tarar ba ɗalibi ba malami, sai mai karɓar kuɗi a ofis. Zango na biyu na shekarar da yaro yake aji shida na firamare shi ne lokacin. Ka ware makarantu uku ko huɗu, kowacce ka je mata sau biyu: sau ɗaya da saninsu don ganin takardu, sau ɗaya kuma ba sanarwa, ranar Talata ko Laraba wajen ƙarfe goma sha ɗaya na safe, lokacin da ba wanda ya yi shirin baƙo.

Takardu da lambar santa

Takardar farko ita ce ta amincewar gwamnatin jiha. A Kano akwai hukuma ta musamman mai kula da makarantu masu zaman kansu da na sa-kai, a Kaduna hukumar tabbatar da ingancin makarantu ce ke wannan aiki, a wasu jihohin kuma wani sashe ne a ma'aikatar ilimi. Ka karanta takardar da idonka. Sau da yawa amincewar ta nazare da firamare ce kawai, sai mai makaranta ya ɗora sakandare a kai saboda iyaye sun ce kada yara su watse. Wani lokaci ta ƙaramar sakandare ce, ba ta haɗa da babba ba. Ka kuma duba ko adireshin da ke jiki shi ne inda kake tsaye, don reshe na biyu ba ya cin albarkacin takardar na farko. Satifiket ɗin rajistar kamfani da aka rataya a bango, ko shaidar zama ɗan ƙungiyar NAPPS ta masu makarantu, babu wanda ya maye gurbin wannan.

Sai lambar santa. Makarantar da WAEC ko NECO ta amince da ita tana da lambarta, ɗalibanta a nan suke zana jarrabawa, sunanta ne kuma ke fitowa a kan sakamako. Wadda ba ta da lamba sai ta kwashi 'yan SS3 ta kai su wata makaranta a yi musu rajista. Kuɗi zai ƙaru, takardar yaronka za ta fito da sunan makarantar da bai taɓa zama a ajinta ba, kuma makin aji da hukumar ke haɗawa da na jarrabawa wani ne zai ƙirƙire shi. Sabuwar makarantar da ba ta kai SS3 ba tukuna, rashin lamba ba laifinta ba ne, amma ka san da yaronka za a yi gwajin farko. Idan makarantar mai haɗa boko da Larabci ce, ka tambayi ko tana da rajista da NBAIS, hukumar jarrabawar Larabci da darussan addinin Musulunci. Ka kuma ji wace jarrabawar kammala ƙaramar sakandare (BECE) 'yan JS3 ke yi, ta jiha ko ta NECO.

Yadda ake karanta sakamako

Kyallen da aka rataya a bakin ƙofa mai hoton yara biyar da A1 jere ba ya gaya maka komai. Ka nemi cikakken jerin sakamakon da hukumar jarrabawa ta aiko, na shekara uku a jere. Ka ƙirga mutum nawa suka zauna, nawa suka samu kiredit biyar har da Turanci da Lissafi, wato daga A1 zuwa C6, don wannan ne sharaɗin shiga jami'a, sannan nawa aka riƙe wa sakamako. Riƙe sakamakon mutum ɗaya ko biyu yana faruwa a ko'ina. Riƙe na aji guda a darasi ɗaya kuwa alama ce ta an kama ana ba da amsa.

Akwai lissafin da masu makaranta ba sa so a yi. Ka tambayi yawan 'yan SS2 na bara, ka gwada da yawan waɗanda suka zana jarrabawa bana. Idan 40 ne a SS2 amma 200 suka zauna, waɗancan 160 daga waje suka zo sayen sakamako, makarantar ta zama abin da ake kira mirakul santa. Idan kuma 80 ne suka koma 45, to ana sallamar masu rauni ne don alƙaluma su yi kyau, kuma ba ka da tabbacin ɗanka ba zai faɗa cikinsu ba.

Ma'auni na ƙarshe shi ne JAMB. Tun 2015 a kan kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya, a santocin da JAMB ta amince da su, saboda haka hannun malami ba ya kaiwa. Ajin da kowa ya kwashi A1 da B2 a WAEC amma yawancinsu suka tsaya a 150 cikin 400 a JAMB, ramin ƙarya ne ya ƙure. Uban da ya yi murna da irin wannan sakamako, a shekarar farko ta jami'a zai ga abin da ya saya.

Malamai da littafin yara

Ka nemi jerin malamai da darasin kowa da shekarar da ya fara aiki a nan. Shekarar ita ce ta fi muhimmanci. Makarantar da malamin Lissafinta ya shekara biyar tana biyan albashi a kan lokaci. Wadda kowane zango sai sabuwar fuska, yara suna ta maimaita babi na ɗaya ne da malamai daban-daban, ba sa taɓa ganin ƙarshen manhaja. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa a Najeriya ita ce NCE, babbar sakandare kuma mai digiri take buƙata, wanda ya karanci koyarwa ko ya ƙara da difilomar koyarwa ta bayan digiri (PGDE), kuma yana da rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai. 'Yan bautar ƙasa suna taimakawa, amma shekara ɗaya suke yi su tafi. Idan Fiziks da Kemistiri duka a hannun ɗan bautar ƙasa suke, makarantar ba ta da malamin kimiyya. Haka idan mutum ɗaya ne ke ɗauke da Fiziks da Kemistiri da Lissafi daga SS1 har SS3, ranar da zazzaɓi ya kama shi sashen kimiyya ya tafi hutu.

Wannan yana da nasaba da abin da yaro zai karanta nan gaba. Likitanci yana son Bayoloji da Kemistiri da Fiziks, injiniya yana son Lissafi da Fiziks da Kemistiri, lauya kuma sai da adabin Turanci. Ƙananan makarantu da yawa ba su da malamin adabi sam, sai su tura kowa ajin kimiyya, iyaye kuma su ɗauka yabo ne.

A ziyarar ba-zata, ka roƙi a bar ka ka shiga aji. Ka ƙirga kawuna: tsarin ilimi na ƙasa ya sa 40 ga malami ɗaya a babbar sakandare, kuma wanda ke biyan kuɗi bai kamata ya yarda da fiye da haka ba. Sannan ka zaɓi yaro daga bencin baya, kai da kanka, ka karɓi littafinsa na Lissafi da na Turanci. Ka buɗe daga baya. Yaushe aka yi aikin ƙarshe? Akwai jan biro a kai? Inda yaron ya kuskure, an nuna masa gyara ya sake yi, ko dai an ja dogon layi an sa hannu an wuce? A littafin Turanci ka nemi insha'in da ya rubuta da kansa. Idan shafi talatin duk kwafe ne daga allo, da rubutu mai kyau kamar na ɗab'i, yaron yana koyon kwafa ne. Littafin da ya ɗan yi datti, da goge-goge da gyaran malami a gefe, shi ne na ajin da ake aiki. Minti goma a kan wannan ya fi awa guda a ofishin firinsifal.

Ɗakin gwaje-gwaje ma haka. WAEC da NECO suna da jarrabawar gwaji da hannu a Kemistiri da Fiziks da Bayoloji. Ka shafa teburin ka ga ko ƙura ta taru, ka murɗa famfo ka ga ko ruwa zai zo, ka duba ko kwalaben sinadarai da abu a ciki. Ka tambayi ɗan SS2 yaushe rabonsa da shiga. Yaron da bai taɓa riƙe buret, bututun gilashin awon sinadari, ba sai ranar jarrabawa, dole wani ya raɗa masa amsa, nan ne satar ke farawa. A ɗakin kwamfuta kuma ka ce a kunna, ka ƙirga masu tashi, ka tambayi da me ake ba su wuta in an ɗauke.

Kuɗi

Shekara shida zango 18 ne. A ce kuɗin zango naira 120,000 ne, ka riga ka ɗauki alkawarin 2,160,000 ko da ba a ƙara sisi ba, kuma za a ƙara, kamar yadda kowa ya gani bayan cire tallafin mai a 2023. Ka nemi takardar kuɗin shekara uku da suka wuce ka ga yadda ƙarin yake tafiya. Ka sa a rubuta maka duk abin da ba ya cikin kuɗin makaranta: inifom kala nawa, littattafan da dole a wurinsu za a saya, bas, lesin, kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai, kuɗin ci gaban makaranta, rajistar jarrabawa da bikin yaye ɗalibai. Kuɗin rajistar WAEC da NECO sananne ne, hukumomin suna sanar da shi. Idan abin da makaranta ke karɓa ya ninka shi, ka tambayi sauran na mene ne, ka lura da yadda za a amsa.

Daidai ruwa daidai tsaki. Makaranta matsakaiciya da za ka iya biya har ƙarshe, da ƙannensa a baya, ta fi mai tsadar da za a riƙa koro yaro daga aji a mako na uku. Kuma ka biya ta asusun makaranta, ka ajiye rasit.

Idan ta kwana ce

Tsaro ne farko. Ƙanƙara a Disambar 2020, Kagara da Jangebe a Fabrairun 2021, duk makarantun kwana ne. Makarantar Bethel Baptist da aka kwashi ɗalibanta a Kaduna a Yulin 2021 ba ta gwamnati ba ce, saboda haka biyan kuɗi ba ya zama katanga. Ka zagaya bayan makarantar da ƙafa ka ga inda katangar ta tsaya da abin da ke bayanta, ka san nisanta da ofishin jami'an tsaro mafi kusa, ka ji masu gadi nawa ke kwana.

Sannan ɗakin kwana. Ka ƙirga gadaje da tagogi, don cunkoso a lokacin zafi shi ne abokin sanƙarau. Ka shiga banɗaki, ka ga rijiyar burtsatse tana aiki ko yara ne ke jido da bokiti. Ka isa lokacin cin abinci ka leƙa kwano, gabza ba ta ɓuya. Ka tambayi wane babba ne ke kwana a cikin hostel ɗin, don inda aka bar wa siniyoyi dare, a nan cin zali da abin da ya fi shi muni suke faruwa. A ɓangaren 'yan mata uwa ce ya kamata ta shiga ta zauna da metiron. Idan yaro mai sikila ne ko asma, ka ga ma'aikacin jinya ido da ido, ka ji wane asibiti ake kai yara da dare kuma da wace mota.

Ta jeka-ka-dawo kuwa, ka bi hanyar da kanka da ƙarfe bakwai na safe. Yaron da zai yi awa guda a bas ko A Daidaita Sahu zuwa, awa guda dawowa, ga Islamiyya da yamma, ba shi da sauran ƙarfin bita. Makarantu masu haɗa hadda da boko suna rage wannan wahala, sai dai ka duba jadawalinsu ka ga awa nawa aka bar wa Lissafi da Turanci a mako, ka kuma saurari karatun wani ɗalibi don ka san haddar ta gaske ce.

Shekarun yaro da sunansa

Wasu makarantu za su karɓi ɗan aji huɗu ko biyar na firamare su sa shi JS1, su ce yana da ƙwaƙwalwa. Kujera suke son cikewa. Shekara 16 ce mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a yanzu, wanda ya gama a 14 zaman gida zai yi, bayan ya sha wahalar zama ƙaramin aji shekara shida.

Ranar cike fom, ka rubuta sunan yaro da ranar haihuwarsa daidai da yadda suke a takardar haihuwa da NIN, harafi da harafi, kuma da jeri ɗaya. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan kaka ya shigo a wata takarda ya fita a wata, shi ke jawo zaryar kotu da ofisoshi lokacin JAMB, wadda ba a yi mata rajista sai da NIN.

Bayan zango na farko ka ɗauki littattafan ɗanka ka yi musu irin duban da ka yi wa na yaron bencin baya. Idan ka ga ba daidai ba, sauyin makaranta ya fi sauƙi a ƙarshen JS1 ko bayan BECE. Daga SS1 makaranta take fara tara makin ajin da za ta tura wa WAEC, saboda haka wanda ya jira har SS3 zai samu ƙofofin makarantun kirki a rufe, masu buɗewa kuma yawanci su ne masu ɗalibai 200 a zauren jarrabawa.