Babu kwamfutar da ta sha tauri

Wani mai buga katin biki daga Mamobi ya shigo shagona na gyaran kwamfuta a Circle, cikin Accra, daura da Tip Toe Lane, rungume da MacBook kamar jariri. Wata uku kafin nan na ce masa ya yi hattara, ya ce, "Malam, wannan ai ba ta kamuwa da bairos, ba irin taku ba ce." Yanzu ga ta ta ɗau zafi kamar kaskon waina, talla sai tsalle take a kowane shafi. Manhajar zane ta sata wani yaro ya ɗora masa a sidi 20, kuma da ta nemi kalmar sirri, da hannunsa ya buga mata.

A 2012 wata muguwar manhaja, Flashback, ta shiga kwamfutocin Mac sama da 500,000 ta hanyar manhajar Java. Masu Linux, wani tsarin kwamfuta daban da Windows da Mac, su ma su daina dariya: a Fabrairun 2016 an kutsa shafin Linux Mint, aka musanya abin da mutane ke saukewa da gurɓatacce.

To, ga yadda nake cewa a yi. Ka bar kwamfutarka ta sabunta kanta. Na san data na da tsada, shi ya sa mutanenmu ke kashe sabuntawa tun ranar da suka saye ta. Amma muguwar manhajar WannaCry da ta birkita asibitocin Ingila a Mayun 2017, ɓarakar da ta bi a Windows, Microsoft ya riga ya toshe ta tun Maris. Waɗanda ba su sabunta ba ta ci. Ka nemi inda akwai wifi, ka jona caji, ka bar ta ta gama. In Windows 7 kake, tun Janairun 2020 aka daina yi mata faci, Windows 10 kuwa wa'adinta ya cika 14 ga Oktoba 2025.

Kalmar sirri makullin ɗakinka ce. In akwati ya ɓullo yana nemanta alhali ba kai ka fara girka wani abu ba, rufe shi.

Filashin da ya je shagon fotokofi kuwa, kada ka buɗe shi kai tsaye. Danna ɓangaren dama na linzami, ka sa Microsoft Defender, manhajar tsaron da ke cikin Windows, ta bincika tukuna. In ka ga foldodinka sun fito da 'yar kibiya a gindi, kar ka taɓa, tarko ne.

Sai ajiya. Sayi hard disk na waje, wato ma'ajiyar fayil, ka kwafe aikinka duk Juma'a bayan masallaci, sannan ka zare shi ka sa a durowa. Manhajar da ke kulle fayil ta nemi kuɗin fansa har abin da ke jone take kullewa.

Mai katin nan dai sai da na goge masa komai. Na tambaye shi ina ajiyarsa, ya nuna min kwamfutar.