Inda ake yawan tafka kuskure kan oganosalfet da yanayi

Da mutum ya ji salfet sai ya ɗauka ai duk ɗaya ne da amoniyam salfet ɗin da aka saba, a'a ba haka ba ne. Oganosalfet salfet ne da ya manne da sinadari mai kabon, ana samunsa cikin ƙananan ɓurɓushin da ke shawagi a iska. Ganyen bishiyoyi na fitar da iskar aisofirin, a sama ta rikiɗe ta koma wani sinadari da ake kira IEPOX (a 2009 aka gano wannan hanyar), sai ya faɗa cikin ɗigon salfet mai tsami su haɗe, salfet ɗin kuwa galibi daga iskar SO2 (salfa dayoksayid) ta hayaƙin kwal da mai yake fitowa. To ka ga masu cewa "ai aikin bishiya ne, babu hannun ɗan Adam" sun yi rabin magana, in aka rage SO2 oganosalfet ɗin ma yana raguwa, an ga haka a kudu maso gabashin Amurka.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗaukar waɗannan ɓurɓushin a matsayin ɗigon ruwa zalla da komai ya gauraya a ciki, har a lissafin kwamfuta haka aka daɗe ana yi don ya fi sauƙi. Alhali idan salfet ɗin ya koma oganosalfet ɓurɓushin kauri yake yi kamar danƙo, musamman in iska ta bushe, kuma sau da yawa rabuwa yake biyu, gishirin da ruwa a tsakiya sai ɓawo mai kabon ya lulluɓe shi ta waje, wannan ɓawon ne ke hana sabon IEPOX shiga da sauri, wato abin da kansa yake rage wa kansa gudu. Gyaran shi ne duk adadin da za ka kawo ka faɗi laimar iskar da aka auna shi a ciki, in ba haka ba adadin ba ya nufin komai.

Batun shan ruwa ma haka, oganosalfet yana sha amma yawanci bai kai amoniyam salfet ba, sai dai wasunsu na taruwa a saman ɗigo su sassauta ƙarfin da ke riƙe saman ɗigon, hakan na iya sauƙaƙa haɗuwar gajimare. Kar ka ɗau adadi ɗaya ka liƙa wa dukkansu, iri-iri ne.

Akwai kuma na awo. Na'urar da ke dumama ɓurɓushi kafin ta auna tana farfasa oganosalfet ɗin sai a ƙirga shi cikin salfet na gama-gari, dole sai an haɗa da awon tacewa a ɗakin gwaji.

Sai masu cewa tunda ɓurɓushin yana watsa hasken rana yana sanyaya duniya ai ya biya bashin CO2. Haba, ɓurɓushin nan kwanaki kaɗan zuwa mako ɗaya ko biyu ruwan sama ya wanke shi, CO2 kuwa wani kasonsa ɗaruruwan shekaru yake yi a sama.